Sunan Mai Rai A Kan Kabari

SHAFI NA 19

Masu cika min waya da tambayar yaushe Zebo za ta buɗe baki, to ku gyara zama. Ni kaina sai da na ajiye rubutun nan na sha ruwa kafin na iya ƙarasa shi.

*

Ranar ziyarar kaburbura ce, ɗaya ga watan Nuwamba, babu makaranta. 'Yan ajin su Zebo tun jiya suka cika mota suka tafi Bilbao yawon hutu, ba wanda ya ce mata zo mu je. Ba mugunta ba ce. Sun gaji ne da jin "a'a, na gode", don ba ta shan giyar tuffa, ba ta cin naman alade, kuma in aka yi barkwanci da Sifaniyanci sai kowa ya gama dariyarsa sannan take gane abin da aka ce.

Tana zaune a bakin gado a ɗakin da take haya, tana kallon ruwan saman Gijón da ba ya gajiya da sauka, sai mai gidan, Doña Herminia, ta ƙwanƙwasa ƙofar da sandarta.

"Ke 'yar Indiya."

"Uzbekistan, Doña Herminia."

"Duk dai can ne. Sa takalminki, za ki riƙe mana bokiti. Gwiwar 'yata Charo ta motsa."

Zebo ta miƙe da sauri. Tun da ta zo gidan nan ba a taɓa cewa ta raka kowa ko'ina ba, har ta ji wani ɗan daɗi ya ratsa ta, duk da maƙabarta za a je.

Tana ɗaura igiyar takalmi tana satar kallonta, kamar kullum in tsohuwar ta tsaya kusa da ita. Hancin nan, da yadda take ɗage gira ɗaya in tana jiran amsa, sak na kakanta ne da ta baro a Samarkand.

Kakan nata na wajen uwa, Bobo Avelino, a wannan garin aka haife shi. Yana shekara bakwai, ana tsakiyar yaƙin basasar ƙasar, aka loda shi a jirgin ruwa tare da ɗaruruwan yara aka kai su ƙasar Rasha don su tsira daga bama-bamai. Daga gidan marayu zuwa gidan marayu har ya tsinci kansa a Samarkand. Can ya girma, ya yi aikin gyaran jiragen ƙasa, ya auri kakarta, ya iya Uzbekanci har ba ka ce baƙo ba ne. Bara ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kayar da shi. Da bakinsa ya sake buɗewa, babu Uzbekanci, babu Rashanci, sai Sifaniyancin yaro ɗan shekara bakwai. Gida cike da 'ya'ya da jikoki, amma ba mai sanin ko ruwa yake nema ko kuka yake kai musu. Sai ya yi ta magana yana bin fuskokinsu da ido, in ya gaji ya juya ya fuskanci bango.

Abin da ya sa Zebo ta ajiye karatunta ta zo koyon yaren ke nan. Abu biyu kawai ta iya tsinta daga bakinsa kafin ta taho, sunan wani layi da ke bayan kasuwar kifi, da kuma "Minia". Ta nemo layin. Ta tarar da wata tsohuwa mai ba ɗalibai hayar ɗaki, sunanta Herminia.

Ba ta faɗa mata ba. Da farko ba ta da yaren faɗa. Da yaren ya fara zama a bakinta, ranar da ta yi gangancin ambaton Rasha a kan tebur, tsohuwar ta ajiye cokali ta ce, "A gidan nan ba a kiran sunan ƙasar nan." Shi ke nan Zebo ta haɗiye sauran.

*

A cikin bas Charo ce ke ta surutu. Ita ce 'yar Doña Herminia tilo, ta haura hamsin, mai faɗin fuska da saurin dariya, ta rungume dami guda na fararen furanni a cinyarta.

"Ku ma kuna zuwa gaida matattunku?"

"Muna zuwa. Muna share wajen, mu yi addu'a."

"Wa kike da shi a ƙasa?"

"Kakata."

"Mijin nata fa?"

Zebo ta saci kallon tsohuwar, wadda ta kafe tagar bas da ido.

"Bobo yana da rai."

"Wa?"

"Bobo. Haka muke kiran kaka namiji."

Charo ta tuntsire da dariya har furannin suka kusa zubewa. "Mama, kin ji? Bobo suke ce wa kakanninsu. 'Yar nan, a nan in kika ce wa tsoho bobo, wawa kika kira shi. Kar ki gwada a layinmu, da sanda za su bi ki."

"Rage murya, Charo," in ji tsohuwar. "Ba biki za mu ba."

Maƙabartar ta cika maƙil, lema na gogar lema. Kowane gida da bokitinsa da tsummansa a gaban dogon bangon nan mai jerin ƙofofin kaburbura hawa-hawa. Mata na gaisawa, suna duba furannin juna ta wutsiyar ido. Na su Doña Herminia a hawa na huɗu yake. Charo ta jawo tsanin ƙarfe ta jingina.

"Hau, ƙafarki ce mai lafiya. Ki fara cire busassun furannin, sannan ki goge dutsen."

Zebo ta hau. Ta cire na bara da suka bushe, ta miƙo ƙasa. Ta matse tsumma ta fara gogewa daga sama.

Benigna Meana. Shekarar haihuwa, shekarar rasuwa.

Ta gangaro da tsumman.

Ɗanta, Avelino Cueto Meana. 1930 – 1942.

Sai da ta karanta da ido, ta sake karantawa da leɓe, harafi bayan harafi, yadda take yi a aji in ba ta yarda da kanta ba. Tsanin ya yi ɗan motsi a ƙarƙashinta.

"Riƙe da kyau mana," Charo ta ce daga ƙasa. "Kar ki faɗo ki ƙara mana aiki."

"Harafin ƙarshen ya yi gansakuka," in ji Doña Herminia. "Sa farce."

Zebo ta sa farce ta kankare gansakukar daga sunan kakanta, wanda ko jiya ta gan shi a waya ana ba shi shayi da cokali. Ta sauko a hankali. Ruwa na ɗiga daga ɗankwalinta.

"Wa ke ciki?"

"Kakata," in ji Charo.

"Na biyun."

"Au, kawu Avelino? Ba kowa, suna ne kawai. Yayan Mama ne. Cikin yaran da aka kwashe lokacin yaƙi yake. Sanyi da yunwa suka kashe shi a can, ko gawarsa ba a gani ba. Allah sarki, yaro ƙarami."

Duk watannin nan malamin ajinsu yana fama da Zebo a kan bambanta abin da ya wuce da abin da ake ciki, kullum sai ta cakuɗa su. Yau ta tsaya ta zaɓi kalmominta ɗaya bayan ɗaya.

"Yana da rai."

Charo ta yi murmushi ta dafa kafaɗarta. "A'a 'yar nan. 'Ya taɓa rayuwa' za ki ce. Wanda ya wuce ne. Maimaita."

"Yana da rai."

"Ba haka ake..."

"Ban yi kuskure ba, Charo. Yana da rai. Yana Samarkand. Shi ne Bobo. Uwata 'yarsa ce."

Murmushin ya tsaya a fuskar Charo bai tafi ba, bai kuma ƙaru ba.

Zebo ta juya wajen tsohuwar. "Ɗan ƙaramin yatsansa na hagu a karkace yake. Ya ce wa kakata ƙofa ce ta datse shi yana yaro. Kullum yana kiran wani suna. Minia. Minia."

Wata mata da ke goge kabarin kusa ta dakata da tsumma a hannu.

Doña Herminia ba ta yi kuka ba, ba ta dafe ƙirji ba. Ta ɗaga kai ta dubi dutsen, ta dubi matar da ke sauraronsu, sannan ta gyara maɓallin baƙar rigar sanyinta.

"Charo, sa furannin. Ke kuma ɗauki bokitin. Gida za mu."

*

A bas Charo ta zauna nesa da uwarta, tana juya zoben hannunta. Zebo na tsaye riƙe da bokiti, tana jin kamar duk mutanen motar sun san abin da ta yi.

Suna shiga tsohuwar ta wuce kicin, ta ɗaura gyauton aiki, ta jawo kwandon dankali ta zauna tana fera. Charo ta tsaya a kanta ko jakarta ba ta ajiye ba. Zebo ta maƙale a bakin ƙofa.

"Mama."

"Ɗora ruwa a wuta."

"Mama, yarinyar nan ta ce yayanki yana da rai."

"Kunnena lafiya lau."

"To ban ga kin yi mamaki ba."

Wuƙar ta ci gaba da zagaya dankalin. Ɓawon ya yi tsawo ya faɗi.

"Ko tambayarta ba ki yi ba. Ba ki ce ƙarya take ba, ba ki ce ta nuna hoto ba. Ni da ban taɓa ganinsa ba ƙafafuna sun kasa ɗaukata, ke kina ferar dankali."

"Sai mu kwana da yunwa don wata ta zo da labari?"

"Kin sani." Charo ta ja kujera ta zauna a hankali. "Na rantse da Allah, Mama, kin sani."

Doña Herminia ta ajiye wuƙar. Ba 'yarta ta kalla ba, Zebo ta kalla.

"Shigo ciki. Tunda kin iya laɓe wata da watanni, yau ki ji da kyau. In na yi sauri ki ce in maimaita, ba na so wata kalma ta wuce ki."

Zebo ta matso taku biyu.

"Shekarata huɗu aka tafi da shi. Ban san fuskarsa ba, sai kukan uwata na sani. Ubanmu a kurkuku ya mutu bayan yaƙi. Uwata aka aske mata kai tas aka zagaya layin nan da ita, don mijinta na ɓangaren da aka ci da yaƙi. Ni a makaranta benci na baya ake ajiye ni, 'yar jajaye 'yan gurguzu, ƙanwar ɗan Rasha. Ko kun san ɗanɗanon wannan? Ba ku sani ba."

"Mama, ba wannan na..."

"Yi min shiru. Ina da shekara ashirin da uku aka fara dawo da yaran da aka kwashe. Lokacin an sa ranata da ubanki. Kin san danginsa. Uwarsa sai da ta yi shekara tana wanke kofin da na sha ruwa daban. Da ƙyar suka yarda, bisa sharaɗin a binne zancen gidanmu. Ana haka wata safiya maza biyu masu huluna suka tsaya a ƙofar can. Suka ce akwai wani Avelino Cueto da ya nemi dawowa, shin danginsa za su karɓe shi?"



"Kaka tana ina?" Charo ta tambaya.

"Tana kasuwa tana fasa kifin mutane."

"Me kika ce musu?"

"Na ce ba mu da kowa a can."

"Mama..."

"Suka ce uwarsa fa? Na ce uwarsa ce ta bar min saƙon. Ta ce ba ta da ɗa."

Charo ta rufe bakinta da tafin hannu.

"Da ta dawo na ce mata an zo da labari, ya rasu tun a sanyin arba'in da biyu. Ta zauna a kujerar da kike kai ɗin nan, ba ta yi kuka ba. Kin san me ya faru bayan nan? Ta daina zuwa bakin teku. Matar da duk jirgin da ya shigo sai ta je ta tsaya kamar mahaukaciya, yara suna mata waƙa. Ta fara cin abinci. Ta fara barci. Ni na ba ta wannan."

"Kaka har ta mutu baƙaƙen kaya take sawa saboda shi."

"Da ya dawo fa? 'Yan sanda su yi ta kiransa tambaya kowane wata, ba mai ba shi aiki, aurena ya watse. Da ke kanki ba a haife ki ba, Charo. Kafin ki buɗe baki ki zage ni, ki tuna da wannan."

Zebo ta ji kowace kalma. Abin da ya fi ba ta tsoro ke nan, babu ko ɗaya da ta wuce ta. Da a watan farko ne da sai dai ta ga bakuna na motsi.

"Ya sayi akwati," ta ce.

Duka biyun suka juyo.

"Kakata ta ba mu labari. Lokacin ba su yi aure ba. Ya sayi akwati, ya ɗinka sabuwar kwat. Ya sayi mayafi mai furanni na tsaraba, ya sayi 'yar tsana. Abokansa suna masa dariya, suka ce ƙanwarka ai ta girma. Ya ce shi dai a haka ya bar ta."

"Ban tambaye ki ba."

"Abokan suka tafi. Shi aka kira shi ofis, aka ce uwarka ta ce ba ta da ɗa. Daga ranar bai sake furta kalma ɗaya da yarenku ba. Uwata ta girma ba ta taɓa jin ya ce ko 'ruwa' da shi ba. Sai bara."

"Na ce ban tambaye ki ba." Doña Herminia ta dafa tebur ta miƙe. "Ke har kina da bakin magana? Kin shigo min gida da fuskar salihai. Na ware miki tukunya daban don ba kya cin abin da muke ci. Da kika yi zazzaɓi ni na hau bene da wannan ƙafar na kai miki romo. Ashe ɗan leƙen asiri nake ciyarwa. Me kike nema? Gidan?"

"A'a."

"To me?"

"Ina so in san abin da yake faɗa."

"Kin sani yanzu?"

"Na sani." Hawayen da take riƙewa tun maƙabarta suka zubo. "Da ina tsammanin wasiyya yake bar mana, ko wani babban abu. Ashe cewa yake takalmin ya matse shi. Cewa yake yana jin sanyi. Yana tambaya ko jirgin nan zai juya. Ni kaɗai nake ganewa, Doña Herminia, kuma ina nan, shi yana can. In Oyi, uwata, ta ce me ya ce, sai in ce mata yana gaishe su."

Wani abu ya gilma a fuskar tsohuwar, ya wuce da sauri.

"Na binne shi shekara kusan sittin," ta ce. "Kowace shekara ina kai masa fure. Ba wata 'yar ƙasar da ban san inda take ba da za ta zo ta tone min shi. Haɗa kayanki."

"Mama, ruwa ake yi. Yau hutu ne, ina za ta?"

"Inda ta fito."

*

Kayan ba su da yawa. Zebo ta buɗe akwati a kan gado ta fara ninkewa. Rigunan sanyi biyu, littattafan aji, 'yar butar shayin da Oyi ta cusa mata a filin jirgi, da ragowar busasshen inabin gida da take ci ɗaya-ɗaya don kar ya ƙare.

Ta ɗauki waya ta bi sunayen da ke ciki. Ofishin makaranta, a rufe yau. Wata 'yar Koriya da suka taɓa yin aikin gida tare, tana Bilbao. Sauran duk lambobin Samarkand ne. A duk faɗin garin nan da kakanta ke kira cikin barci, mutum biyu ne jininta da ta sani, babbarsu ce kuma ta ce ta fita.

Ta zauna a ƙasa ta jingina da gado. Ta yi tunanin ranar da za ta faɗa sau ba adadi. A tunaninta tsohuwar takan rungume ta, ta shafa fuskarta, ta ce ashe shi ya sa. Ko sau ɗaya ba ta kawo wannan ba.

Aka turo ƙofar ba sallama. Charo ce, idanunta sun yi ja. Ta dubi akwatin, ta ture shi gefe, ta zauna a bakin gado tana miƙe ƙafar mai ciwo.

"Ya sunan uwarki?"

"Mavluda."

"Mav... lu... da." Ta gwada a bakinta. "Ke nan ni da ita 'ya'yan wa da ƙanwa ne."

"Eh."

"Ni da na tashi ina roƙon Allah ya ba ni ko ɗan'uwa ɗaya. Su nawa ne?"

"'Ya'yansa biyar. Mu jikoki muna da yawa."

Charo ta yi wata dariya da ta fi kama da kuka. "Biyar. Ni kuma ina nan ina hawa tsani ina goge masa suna." Ta share hanci da bayan hannu. "Kira shi."

"Yanzu?"

"Can dare ya yi?"

"La'asar ce."

"To kira shi."

"Charo, ba lallai ya gane komai ba. Ni kaina ba ya sanina. In na yi masa yarenku, ɗauka yake malamar gidan marayu ce."

"Ko me ya ɗauke ni, ina so in ga fuskarsa."

Zebo ta hau gadon kusa da ita ta danna kiran. Ya yi ta ringin kafin fuskar Oyi ta bayyana, ta matso da wayar har sai goshinta kawai ake gani, kamar kullum.

"Zebo? Lafiya? Me ya sami idonki?"

"Mura ce, Oyi. Bobo ya tashi?"

"Yana zaune a taga. Tun safe yake ta magana, ya ƙi cin komai. Wace ce wannan a gefenki?"

"Zan faɗa miki. Kai masa wayar."

Hoton ya yi ta girgiza, aka ga silin, aka ga darduma, sannan ga shi. An lulluɓe shi da bargo har wuya, hular gida a kansa, ɓarin bakinsa ɗaya a saki. Hannun hagu na kan bargon.

Charo ta ga yatsan. Ta damƙe gwiwar Zebo.

"Sannu, Avelino," Zebo ta ce da Sifaniyanci, a hankali. "Ka ci abinci?"

Ya ɗago ido. "Malama, ban yi laifi ba."

"Na sani. Ga wata tana son gaishe ka."

Charo ta matso da fuskarta kusa da wayar. "Kawu. Sunana Charo. Daga Gijón."

"Gijón," ya maimaita, kamar mai tauna wani abu mai zaƙi. "Ni ma ɗan can ne. Bayan kasuwar kifi. Kin san gidanmu?"

"Na sani, kawu. A cikinsa nake zaune."

"Ba a gidana ba."

Muryar daga bakin ƙofa ta fito. Doña Herminia ce tsaye, ta hau benen ba wanda ya ji ta, tana haki, hannu ɗaya a kan sanda ɗaya a jikin ƙofa.

"Na ce ba a gidana ba. Kashe abin nan."

Amma ba ta juya ta fita ba. Ta tako. Ta sake takowa, har ta tsaya a bayansu, baƙar rigarta da farin gashinta da ta ɗaure a ƙeya suka shigo cikin hoton.

Tsohon ya daina motsi.

Ya matso da fuskarsa kusa da wayar, ya ƙanƙance ido. Ya zaro hannun daga kan bargo yana laluben gilashin.

"Mama?"

Doña Herminia ta damƙe sandarta.

"Mama, ke ce? Kin zo ɗaukata?" Muryar ta siranta, ta koma ta yaro. "Na jira, Mama. Kowa ya tafi ni ina zaune a kan akwatina. Wai suka ce... suka ce kin ce ba ki da ɗa. Na ce ƙarya ne." Ya ja numfashi. "Ƙarya suke yi, ko? Ba ki faɗa ba, ko Mama?"

Daga can gefe muryar Oyi ta taso da Uzbekanci, a ruɗe. "Zebo, me yake cewa? Kuka yake yi fa. Wace ce wannan matar? Zebo, fassara min."

Sandar Doña Herminia ta zame ta faɗi a kan katako. Ba ta ko kalle ta ba. Ta miƙo hannu ta saman kafaɗar Zebo, ƙasar dankali har yanzu a farcenta.

"Ba ni shi nan."

Zebo ta dubi hannun. Ba ta san wadda za ta amsa masa ba in ta bayar, ƙanwar ko uwar.

Ta miƙa mata wayar.